In Za Ki Gana, Kada Ki Yi Zuwan Ɗiban Wuta

  Yau maganarmu a kan tafiya ce, irin doguwar tafiyar nan da sai an ɗaure kaya, an nemi izinin maigida, an bi maƙwabta an yi sallama. Akwai wata ɗabi'a da ta shige mu a 'yan shekarun nan wadda nake so mu duba tare. Mace za ta shekara biyu tana zubin adashi don ta je ganin danginta a ƙasa mai nisa, ta sha wuyar hanya, ta isa lafiya, amma tun kumburin ƙafarta bai saɓe ba ta soma haɗa kayan komowa. Kwana biyu, kwana uku, sai ki ji an ce ai wance ta dawo, kamar wadda aka aika ɗiban wuta. In kika tambaye ta me ta gani, sai ta ce tasha ta gani, da ɗakin da aka sauke ta.

Don kada maganar ta zama a iska, bari mu ɗauki ƙasar Gana mu yi misali da ita, tun da gidaje da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau ba su rasa wata gwaggo ko inna ko 'yar'uwa da aure ya kai zangon Kumasi ko na Akra, birnin da kakanninmu ke kira Ankara.

LISSAFIN HANYA

Fara da nisan, 'yar'uwa. Daga Kano zuwa Ikko kusan kilomita 1,000 ne, wato yini da kwana a babbar mota, in ba a sami cikas ba. Daga Ikko zuwa Akra kimanin kilomita 460 ne. A takarda kamar ba nisa, amma a cikin wannan 'yar tazarar za ki ƙetare iyaka uku: ta Seme ki shiga Jamhuriyar Benin, ki ratsa Kwatano, ki shiga Togo, ki ratsa Lome, sa'an nan ki shiga Gana ta Aflawo. A kowace iyaka sai an sauka, a bi layi, a duba takardu, a buga hatimi, wani lokaci a kwance kaya. Faɗin Togo ta bakin teku bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba, amma tsayuwar da za ki yi a bakin shigarta da bakin fitarta tana iya fin tafiyar kanta daɗewa. In kuma Kumasi kika nufa, akwai sauran kilomita kamar 250 daga Akra, rabin yini ke nan. Duka-duka ki ɗebe wa zuwa kwana biyu da rabi, komowa ma haka. Kwana biyar sun tafi a kujerar mota.

To, wadda ta ce wa maigida mako ɗaya za ta yi, kwana nawa ya rage mata a gidan 'yan'uwa? Biyu. Na farko na barcin gajiya ne, na biyu na sallama.

Yanzu ga kuɗi. Ba zan faɗa miki kuɗin mota na yau ba, don kafin jaridar nan ta iso hannunki ya sake. Kowa dai ya san abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin mota kuwa ya bi ta a guje. Mu ƙaddara, don misali kawai, kuɗin motarki zuwa da komowa, da na takardu, da abin da za ki ci a hanya, da tsaraba, sun tashi naira 300,000. Wannan kuɗi ba ruwansa da yawan kwanakin da za ki yi. Direba ba zai rage miki ko kwabo ba don kin ce jibi za ki juyo. In kwana biyu kika yi a can, kowace rana ta tsaya miki a kan naira 150,000. In kika ɗebi wata guda, kika cire biyar na hanya, kin zauna kwana 25, kowace rana ta tsaya miki a kan naira 12,000. I, akwai abin da za ki riƙa kashewa kullum a can, na cefane da na ƙananan motocin da suke kira torotoro, amma wannan ba a haɗa shi da kuɗin hanya. Kuma ko a gida kike ai cin abinci za ki yi.

Mai hali za ta ce ita jirgin sama za ta hau, daga Ikko zuwa Akra sa'a guda ce. Gaskiya ne, ta huce wahalar iyaka. Amma lissafin bai sake ba, sai ma ƙara nauyi da ya yi, domin tikitin ya fi tsada, kuma shi ma ba ya tambayar kwana nawa za ki yi.

Saboda haka ni shawarata, maimakon ki je sau uku cikin shekara uku kina kwana bibbiyu, tara kuɗin ki je sau ɗaya ki yi wata guda ko mako shida. Abin da kika rage na mota biyu ya isa ki yi tsaraba ta mutunci, ki taimaka wa masu masaukinki, har ki saro 'yan kaya.

Doka ma tana bayanki. Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga 'yar'uwarta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Nijeriya da Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Abin da ake nema gare ki shi ne fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafin shawara. Wannan allura sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya soma aiki, don haka kada ki bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Mai ciki da mai jaririn da bai kai wata tara ba su fara ganin likita tukuna. An ba ki kwana 90, ke kuma kin ɗauki biyu kin bar 88 a kan tebur. Haba uwargida!

Kada kuma ki ce ai baɗi ma rana ce. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Gana kuma ta rufe nata a Maris na 2020 saboda annobar korona, ba ta buɗe na ƙasa ba sai Maris na 2022. A tsakanin nan tsofaffi nawa suka rasu a zango ba su sake ganin 'ya'yan 'yan'uwansu ba? Wadda ta je kafin nan ta yi kwana biyu da niyyar ta dawo ta daɗe, wata ba ta tarar da wadda za ta daɗe dominta ba.

YADDA NA DA SUKA YI

Wannan hanya ba mu muka fara ta ba. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke tashi daga Kano da sauran garuruwan Hausa zuwa Gwanja sayen goro. Ayari kan tashi da rani, da madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafin rinin Kano da fatu da gabu. Su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Bargu, su ratsa Zugu a arewacin Benin ta yau, har su sauka Salaga, babbar kasuwar goro. Tafiyar watanni ce, kuma da mata a ciki, suna dafa abinci suna sayarwa a kowane zango, wasu da nasu 'yan hajojin. Abin lura a nan shi ne, in sun isa ba sa juyowa washegari. Sukan sauka wurin fatoma su yi makonni, su huta, dabbobi su murmure, su san farashi, su jira goro mai kyau ya iso daga kurmin Asante. Bafatake ya san wanda ya sha tafiyar wata uku ya saya a ranar da ya sauka, dillalai ne za su ci ribarsa.

Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta soma ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa ta. Mutanenmu suka bazu Kete Karachi da Kumasi da Akra, suka kafa zangogin da kike ji yau. A Kete Karachi ne shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Sabon Zango na Akra kuwa Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20. Ku 'yan makaranta, ga wani abu da ya shafe mu mata: mahaifiyar Alhasan Ɗantata, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce da ta bar Bebeji ta koma Akra da zama bayan rasuwar mijinta. Ɗanta ya bi sawunta can yana saurayi, daga baya ya shiga fataucin goro yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya zama attajirin da duniya ta sani, ya rasu a 1955. Ke nan zumuncin Kano da Akra da ƙafar mace aka taka shi.

Zumuncin ya sha girgiza. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, gidaje da yawa suka rabu, wasu suka komo Nijeriya da Nijar, wasu suka zauna. A 1983 Nijeriya ma ta kori nata baƙin, galibinsu mutanen Gana, abin da ya bar mana sunan jakar nan ta leda mai zane-zane da za ki zuba kayanki a ciki in kin tashi. Ki kula, kada ki riƙa kiran jakar da wannan suna da ƙarfi a tashar Akra. Ba kowa ne yake jinsa a matsayin wasa ba. Irin waɗannan labarai, na wa ya tafi, wa ya zauna, wa ya auri wa, suna cikin kan tsofaffin zango, kuma tsohuwa ba ta buɗe su ranar da kika sauka. Ranar farko gaisuwa ce da ina wance, ina wane. Sai kin kwana goma, kuna zaune da dare tana ɓare gyaɗa, sa'an nan za ta ce, "Ke, kin kuwa san kakarki ta taɓa zama a gidan nan?"

ABIN DA KWANAKI KE SAYA

Makon farko kusan duk na gaishe-gaishe ne. A zango ba a yi miki uzuri. In kin shiga gidan yaya ba ki shiga na ƙanwa ba, kin bar baya da ƙura, kuma mai masaukinki ce za ta sha ƙorafin bayan tafiyarki. Dangin da ke Nima ko Mamobi a Akra suna da reshe a Abuwabo ko Asawase a Kumasi. Mai kwana biyu dole ta zaɓi wasu ta bar wasu, sai tafiyar da aka yi don ɗinke zumunci ta zama ita ce ta ɓarke shi.

A mako na biyu ne kunnenki zai faɗa. Hausar zango daban take da ta Kano. Za ki ji an ce da mace "ya zo", za ki ji ba a bambanta ƙ da k, ga kalmomin Turanci da na Tuwi, harshen Asante, a cakuɗe. 'Yan mata, kada in ji kun yi dariya. Mutanen nan sun riƙe harshen fiye da shekara ɗari a tsakiyar wasu harsuna, har ya zama Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da ke zango da shi suke magana da juna. Su ma in kun yi sauri da taku ba duka suke kamawa ba. Ki koyi ko kalma biyu ta masu ƙasa: in an ce miki "akwaba" maraba ake yi miki, ke kuma ki ce "medase", wato na gode. Za ki ga yadda fuskar mai tumatir za ta sake.

Sai kasuwa, inda gaggawa ta fi cutar mace. Makola a Akra da Kejetiya a Kumasi ba kasuwannin da ake gamawa a yini ba ne. Kejetiya tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, baƙuwa takan ɓata a cikinta. Ranar farko ki je da 'yar gida, ki bar jakar kuɗi a ɗaki, ki yi ta tambaya kawai. Kuɗinsu sidi ne, kuma ga wani tarko: a 2007 aka sake kuɗin, aka yanke sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, amma har yanzu akwai tsofaffin 'yan kasuwa da ke ƙirga da tsohon lissafi. In aka ce miki dubu ɗari, mai yiwuwa sidi 10 ake nufi. Wadda ta kwana biyu ba ta gama gane wannan ba za ta sayi atamfa da sabulun salo da man kaɗe, ta biya kuɗin baƙunta. Wadda ta yi mako uku ta san layin masu sari, ta san atamfar GTP ta gaske da jabunta, ta san a Bonwire kusa da Kumasi ake saƙa kente, ta ji labarin kasuwar duwatsun ado ta Koforiduwa da ke ci ran Alhamis. Haka nan in kin tafi da 'yar hajarki, turaren wuta ko humra ko lalle ko huluna, matan zango suna so, amma yawanci bashi za su ɗauka zuwa ƙarshen wata ko ranar kwasar adashi. Mai gaggawa ko ta karyar, ko ta bar kuɗinta a hannun mutane. Ki tambayi masu zuwa a kai a kai abin da kwastan ke bari a wuce da shi kafin ki zuba jarinki.

Ni a ganina babbar riba tana madafa. Wasu daga cikin abincin da Gana ke alfahari da su a titi daga hannun matan zango suka fito, sunayen ma sun nuna. Abin da suke kira wace, ai wake ne, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi da 'yar kanwa har ta yi ja, a ci da taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yajin nan nasu mai kifi da ake kira shito. Kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, sunansa a bakin kowa kokon Hausa, da ƙosai ake sha. Tuwon zafi ma da sunansa na Hausa ya zagaye ƙasar. Shito kaɗai ya isa dalilin ƙara mako. Ana soya shi a hankali cikin mai, da albasa da citta da busasshen kifi da jatan lande, sa'o'i ana juyawa har ruwan ya ƙone ƙaf, shi ya sa yake daɗewa a kwalba bai lalace ba. Ba a koyonsa da baki. Sai kin tsaya kan tukunya sau biyu, sau uku, kin ga launin da ake sauke shi, kin ƙona na farko an yi miki dariya. Matar da ta dawo da wannan a hannunta ta dawo da sana'a, ko ba ta sayar ba maigida zai san an je Gana. Haka dokunu, da yadda ake jiƙa masarar kwanaki ta yi tsami kafin a naɗe ta a bawonta a dafa.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, shi ne lokacinku, kuma an yi sa'a a watan Agusta ruwan sama yakan ɗan ɗauke a kudancin Gana, gari ya yi sanyi-sanyi. In Inna za ta tafi, ku roƙi Baba ya bar ku ku bi ta. Abin da kuke haddacewa a aji a can yake a tsaye. Ga madatsar ruwa ta Akosombo da aka gama a 1965, wadda ta haifar da tafkin Bolta, ɗaya daga cikin tafkuna mafi girma da ɗan Adam ya yi. Ga kurkukun bayi na Elmina a bakin teku, ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, inda za a nuna muku ɗakunan da aka tsare mata kafin a zuba su a jirgi. Wadda ta shiga ɗakin nan ta ji zafinsa da duhunsa ba za ta sake yin hamma a darasin tarihi ba. Ga kabarin Kwame Nkrumah a Akra, mutumin da ya karɓo wa ƙasar mulkin kai ranar 6 ga Maris, 1957. Ga babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda da aka buɗe a 2021. A Kumasi akwai gidan tarihi na fadar sarkin Asante. A hanya kuma ku leƙa ta taga ku ga itacen koko da 'ya'yansa manne a jikin gindi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yini guda yake ci, wani har da kwana. Mai mako ɗaya ba ta ganin ko ɗaya.

Ku tafi da littattafanku. Hukumar WAEC da ke shirya muku jarrabawa, wadda aka kafa a 1952, hedkwatarta a Akra take, 'yan'uwanku na can ma jarrabawarta suke yi. Ku zauna da su ku gwada abin da aka koya wa kowa. Ku sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani kullum, da kwanan wata, da sunayen dangi da yadda kowa ya haɗu da ku. Ku tuna agogon Gana da na Togo yana bayan namu da sa'a ɗaya, kada ku tashi Baba da waya yana barci, ko ku ce ya manta da ku.

AMMA FA DA SHARAƊI

Kada wata ta karanta wannan ta je ta tare a gidan mutane ta ce filin mata ne ya aike ta. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma zaman zango ba irin na gidajenmu masu soro da tsakar gida ba ne. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, banɗaki na tarayya, a wasu unguwannin ruwa ma saye ake yi. In kin zo da yara uku, wani ne zai koma kwana a baranda saboda ke. Don haka tun kafin ki sayi tikiti ki yi waya ki faɗi gaskiyar kwanakin da kike so da yawan waɗanda za ki zo da su, ki kuma saurari amsar da kunnen basira. In kin ji "to, Allah Ya kawo ku" a sanyaye, rage yara ko ki raba zaman gida biyu, mako biyu a Akra, mako biyu a Kumasi. Hakan ma ya fi, kowa ya same ki, ba wanda ya gaji da ke.

Bayan kwana uku ki ajiye baƙunta. Ki ɗauki tsintsiya, ki shiga layin ɗiban ruwa, ki karɓi girki wata rana ki yi musu tuwon shinkafa da miyar taushe irin ta gida. Kuɗin cefane kuwa kada ki miƙa a gaban mutane, za a ƙi karɓa don kunya. Ki bi yarinya kasuwa ki biya da kanki, ko ki sayo buhun gawayi ko shinkafa a ajiye kawai. Tsarabar da ta fi daraja a can ita ce ta miya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu. Ba su da nauyi, ba sa lalacewa, kuma duk ranar da aka kaɗa miya za a tuna da ke. Ki kama bakinki a rigimar gidan da ba ki san farkonta ba. Mai dogon zama takan ji abin da mai kwana biyu ba ta ji, to abin da kika ji a zango ki bar shi a zango.

Sai gidanki da za ki bari. Wata guda ba kwana biyu ba ne, kuma wannan magana ba a yi wa maigida ita a bakin ƙofa yana sa takalmi. Ki same shi da lissafin nan a natse, ki ce, "Maigida, in na je sau ɗaya na daɗe, kuɗin mota sau ɗaya za ka biya." Maza suna jin wannan yaren. In kina da abokiyar zama ku yi maganar girki da ita tun da wuri, ki roƙe ta da girmamawa, ki kuma tuna da ita a tsaraba fiye da kowa, don ita ta ɗauke miki nauyi. In ke kaɗai ce, ki san wadda za ta riƙe yaran da suka rage da wanda zai kula da abincin gidan. Ki biya zubin adashinki na watan kafin ki tashi. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ta tafi da wanda zai ishe ta har da ƙarin mako biyu, da takardar likita. Gidan sauro kuma ya shiga jaka kafin kayan kwalliya, kudancin Gana ƙasar damshi ce.

Ba kowace tafiya ce ake ja ba, wannan gaskiya ne. Ta'aziyya ko dubiyar mara lafiya in ta taso, tashi za ki yi ko da kwana ɗaya za ki yi, ba a lissafin riba a nan. Ma'aikaciya mai hutun mako biyu ita ma iyakarta ke nan, sai dai ta haɗa shi da hutun Salla ta ƙara tsawonsa. Maganata a kan tafiyar da ke kika zaɓi ranarta ce. Kuma lissafin bai tsaya ga Gana ba: wadda aka kai aure Ikko ko Fatakwal take zuwa ganin gida Sakkwato, da mai dangi a Damagaram ko Garwa ko Injamena, duk ta ɗauki alƙalami ta raba kuɗin motarta da kwanakin zamanta ta ga abin da zai fito.

Game da komowa, ki sa ranar tun kafin ki tafi, ki faɗa wa maigida da masu masauki, ki kuma cika. Ki duba hatimin da aka buga miki a Aflawo, kwanakin da aka rubuta a ciki su ne naki, kada ki wuce su ko da ɗaya, akwai tara. Sayayyar tsaraba ki gama ta kwana uku kafin tashi, ranar ƙarshe ta sallama ce gida-gida. Sidin da ya rage ki canza wani sashi zuwa sefa saboda ruwa da abinci a Togo da Benin, sauran zuwa naira, wurin mai canjin da 'yan gida suka sani. Ki zaɓi motar da ke tashi da asuba don ki ƙetare Seme da sauran rana. In da 'yan makaranta a tare da ke, ku iso gida mako guda kafin a koma, a wanke kayan makaranta, a yi kitso, gajiyar kilomita 1,700 ta sake su kafin ranar Litinin.

Sai mun sake saduwa. A gaida yara.